Wanda Ya Gyara Igiyar Shangwe

A cikin halayen maza babu wanda na tsana kamar mutum ya kasa jure a fi shi. Ba talauci ke kawo shi ba, ba yunwa ba. Sau da yawa mai shi a ƙoshe yake, yana da suna, idan ya shigo ana tashi a ba shi wuri, amma da zarar ya ji takun wani a bayansa sai barci ya ƙaurace masa. Na ga abin da wannan hali ya yi wa wani dattijo a tsibirinmu, kuma zan faɗe shi yadda ya faru.

Ni ne Pandu mai awo. Shekara talatin da ɗaya ina tsaye a gindin sikelin da ke bakin gadar da jiragen ruwa ke sauke kaya. Duk nduwaron da baƙi suka kamo da fatsa, wato ƙaton kifin nan mai baki kamar mashi, da duk jodari mai jan nama, ni nake rataye shi in faɗi nauyinsa. Ban yi boko ba, amma sikelina bai taɓa ƙarya ba.

Gasar kamun kifi ta wannan shekarar kwana uku ce: Alhamis, Asabar da Lahadi. Juma'a hutu, jirage bakwai duk suna ɗaure a cikin mashigi.

Ranar Asabar da la'asar jirgin da ake kira Shangwe ya dawo babu tuta ko ɗaya a sama, alamar bai kamo babban kifi ba. Nahoda Shee, matuƙinsa, ya hawo gada fuska kamar an aiko masa da mutuwa. Baƙon da ya ɗauki hayar jirgin ya wuce mu, tafin hannunsa duk ya saɓule.

Na ce, “Shee, lafiya?”

“Mun same ta, Baba, uwar nduwaron nan. Wadda muka gani ranar Alhamis. Awa biyu baƙon nan yana fama da ita, ta yi tsalle sau tara, na ga cikinta da idona. Wallahi ta fi ta kan allo.”

Kowa ya ɗaga kai ya dubi allon. A kansa ake rubuta mafi girman nduwaron da aka taɓa ratayewa a sikelina, kuma shekara goma sha tara suna ɗaya ne a wurin: Nahoda Fumo, kilo ɗari huɗu da goma sha biyu.

“Sai me ya faru?”

“Sai zare ya tsinke. Muka ce ƙaddara. Can jodari ya kama wata sandar, ko minti goma bai yi ba, ita ma ta tsinke.”

Nan take aka sauko da sandunan fatsa uku da suka rage, aka warware zarensu a kan gada. Kowane ɗaya, can cikin naɗi inda ido ba ya kaiwa, an ɗan tsaga shi da reza, rabi da rabi, sannan an mayar an naɗe tsaf. Wanda ya yi ya san aiki. Ƙaramin kifi ba zai ja zare har wurin ba, sai babba.

Ido ya koma kan Vuai. Shi ne mataimakin Shee, shi ke ɗaura ƙugiya da koto, shekara ashirin babu mai taɓa sandunan nan sai shi. Kuma ranar Alhamis da yamma duk gada ta ji suna sa-in-sa da Shee.

Wani ya ce, “An saye shi.”

Wani ya ce, “Ba sayensa aka yi ba, haushin nahodansa ne.”

Vuai ya buɗe baki ya rufe. Mutum ne mai nauyin harshe, idan ransa ya ɓaci sai in'ina ta kama shi.

Bi Zuhura, mai jirgin, ta iso tana haki, mayafi a hannu. Tun rasuwar mijinta ita ke riƙe da Shangwe, kuma ba ta da wasa. Ta dubi zaren, ta dubi Vuai.

“Gobe ba za ka hau jirgina ba. Gobe da la'asar, in za a ba da kofi, zan kai ka gaban shugabannin gasa, daga nan sai 'yan sanda. In ba kai ba ne, kawo mini wanda ya yi kafin lokacin.”

Duk wanda aka kira sunansa a wannan taro an gama da shi. Daga nan har Malindi babu jirgin da zai sake ba shi ko guga ya riƙe.

*

Ban iya cin tuwon yamma ba. Na zauna, na tashi, na fita ƙofa, na dawo. Na san Vuai tun yana tsirara. Da gari ya waye, jirage na fita, na nufi bayan gari wurin Mangale.

Mangale mutumin tudu ne, aure ya kawo shi cikinmu. Da ƙuruciyarsa shi ke bi wa masu gadin daji sawun giwa da na maharba. Yanzu awaki yake kiwo, kuma ya tsani teku kamar me. Na same shi yana tatsa.

“Pandu, kai da ba ka zuwa gaisuwa. Wa ya mutu?”

Na kwashe labari na gaya masa. Bai ɗago ba.

“Yaushe aka yi?”

“Ranar Alhamis zaren lafiya lau, sun kama jodari uku da shi. Ranar Asabar da asuba suka fita. Da dare akwai mai gadi a gada. Lokaci ɗaya ne bakin ruwa ke zama babu kowa, sallar Juma'a.”

“Tun daga Juma'a ruwa ya cika ya janye sau nawa?”

“Huɗu.”

“To, me kake so in bi? Ku mutanen ruwa kuna da ban dariya. Kuna zaune a wurin da ake share ƙasa sau biyu a rana, sannan ku zo neman mai bin sawu.”

Duk da haka ya ajiye ƙwarya ya ɗauki sandarsa.

Ya bi bakin gaɓa, can sama inda ruwa ba ya kaiwa, yana tafe yana tsayawa. Ni kuwa ina ta duban rana. Ya wuce sawun jakai, ya wuce na yara. A gindin wani dutse ya tsuguna.

“Mace. Tana ɗauke da kaya mai nauyi a dama, abin yana ɗiga. Ƙafar hagu ta taɓa karyewa. Sawun ya kwana biyu, kaguwa ta bi ta kansa.”

Na ce, “Mwatime ce. Dorinar teku take kamawa, wato halittar nan mai hannu takwas, in ruwa ya janye.”

Mwatime ƙanwar matar Vuai ce, kuma ba sa ga maciji da Bi Zuhura.

Muka same ta tana dukan dorina a kan dutse don ta yi laushi. Ta gan mu ba ta daina ba.

“Tsofaffi biyu da sassafe. In aure kuka zo nema, ku biyun ba ku kai mutum ɗaya ba.”

Mangale ya ce, “'Yata, ranar Juma'a da rana kina bakin mashigi.”

“Ina nan. Ko an wajabta mini Juma'a ne ban sani ba?”

“Kin je kusa da Shangwe?”

Ta ajiye dorinar. “Au, ni ce yanzu? Baba, dube ni da kyau. Ni da ban iya iyo ba, in hau jirgi, in buɗe ɗaki, in warware zare in naɗe? Ai da na iya wannan da ban tsufa ina leƙen ramin dorina ba.”

“To, wa kika gani?”

Ta ce, “Namiji. Daga nesa ne, ya rufe kai da zane saboda rana. Ya shiga ruwa har ƙirji, ya ƙarasa da iyo, ya kama igiyar gaba ya hau. Ya shiga ɗaki ya daɗe.”

“Me ya hana ki faɗa jiya?”

“Na ɗauka matuƙin jirgin ne. Da ya fito bai gudu ba. Ya sauka wurin tulun nan na kan ruwa da ake ɗaure jirgi a jikinsa, ya daɗe yana taɓe-taɓe kamar mai duba kayansa. Ɓarawo yana haka? Na ce Nahoda Shee ne.”

Muka bar ta. Mangale yana gaba yana magana shi kaɗai. “Shee. Ya san inda mabuɗi yake. Ya yi faɗa da Vuai. In yana son korarsa ba tare da an ga laifinsa ba...”

Na ce, “Mabuɗi kowa ya san inda yake, duk nahodojin nan ƙarƙashin kujerar kamun kifi suke sa nasu. Kuma Shee a gefena ya yi sallah, kafaɗa da kafaɗa. Bayan an sallame muka ci shinkafa faranti ɗaya a gidan suna.”

“Ka tabbata?”

“Ya cinye mini nama biyu. Ban manta ba.”

Mangale ya yi tsaki. Rana ta riga ta ɗaga.

*

Vuai yana zaune a inuwar sikeli, ya zuba wa teku ido. Tun asuba yake wurin, an ce ko shayi bai sha ba. Mangale ya zauna kusa da shi.

“Ɗana, kowa ya ce kun yi faɗa da nahodanka. Babu wanda ya gaya mini a kan me.”

“A kan i-igiya ne, Baba.”

“Wace igiya?”

“Ta tulu. Wadda muke maƙala jirgi in mun dawo. Ta cinye a wurin zoben ƙarfe, saura silli ɗaya. Mako biyu ina cewa a canza. Ya ce sai bayan gasa. Na ce in iskar arewa ta tashi jirgin zai kwana a kan duwatsu. Ya ce in rufe masa baki.”

“Har yanzu haka take?”

“A'a, ya gyara. Jiya da asuba na sa hannu na ji an yanke ruɓaɓɓen an sake ɗaurewa. Kunya ce ta hana shi faɗa.”

Mangale ya juyo ya dube ni. Ban taɓa ganin idonsa haka ba.

“Pandu, akwai yadda za a yi magana da jirgin da ke teku?”

Muka ruga ofishin gasa, ni da gwiwoyina. Bi Zuhura tana ciki. Ba ta so ba, amma ta ɗauki rediyo ta kira.

“Shee, kai ka gyara igiyar tulu?”

Murya ta fito tana ƙara-ƙara. “Ni? Yaushe? Ai Vuai ne. Na ɗauka ya gyara don ya nuna mini iyakata.”



Mangale ya ce, “A nemo mini kwalekwale. Allah ya isa tsakanina da ku, yau za ku sa ni hawa ruwa.”

Vuai ne ya tuƙa mu. Tafiyar ba ta kai taku ɗari uku ba, amma Mangale ya riƙe gefen kwalekwale da hannu biyu yana salati, har da amai. Da muka isa, Vuai ya jawo tulun ya kife shi. Ga igiya, ga zoben ƙarfe, ga sabon ƙulli.

Nan take Mangale ya manta da cikinsa. Ya shafa ƙullin, ya juya shi, ya kai bakin igiyar kusa da ido.

“Ku masu jirgi da me kuke yanka igiya?”

“Da wuƙa.”

“Sara nawa?”

“Ɗaya. In ta yi kauri, biyu.”

“Wannan an yi ta gurza ta ne kaɗan-kaɗan, silli bayan silli. Abin yankan ƙarami ne, siriri, mai kaifi. Mutumin bai zo da wuƙarsa ba, da reza kawai ya zo.” Ya miƙa wa Vuai. “Wannan ɗaurin naka ne?”

“A'a. Ni ba na mayar da wutsiya.”

“Na Shee?”

“A'a. Dubi, an zagaya ta hagu, sannan an cusa wutsiyar cikin silli har sau uku. Aikin da-dattijo ne. Ko jirgin ƙasa ka ɗaure da shi ba zai kwance ba.”

Ni ban ce komai ba. Na taɓa ganin hannu yana yin wannan ɗaurin, ba sau ɗaya ba, ba sau ɗari ba, a kan bencin da nake shan gahawa kowace yamma. Na ce wa kaina, masu yin haka suna da yawa. Na sake faɗa wa kaina.

Mangale ya ce, “Pandu, ka yi shiru.”

“Rana ce ta dame ni.”

Ya dube ni ya daɗe. “Ba sai ka faɗa ba. A yanko mini ƙullin nan yadda yake, a sa sabuwar igiya. Nahodojin nan in sun dawo, yaya suke isowa gada?”

“Kowa da ɗan kwalekwalensa.”

“Wa ke ɗaurewa?”

“Shi da kansa. Nahoda ba ya bari wani ya ɗaure masa abin hawa.”

“Madalla. Kada kowa ya ce musu komai.”

*

Daga azahar zuwa la'asar na auna jodari goma sha ɗaya da nduwaro biyu, kuma sau biyu ina karanta sikeli ina sakewa, abin da ban taɓa yi ba. Jirage suka shigo ɗaya bayan ɗaya. Nahodoji bakwai suka iso gada, kowa ya ɗaure nasa a jikin ƙarfe ya hawo. Jirgin Fumo ne ya zo da nduwaro mafi girma na gasar, kilo ɗari da casa'in. Kofi nasa ne. Ya hawo da farar hula, yana dariya, ana ba shi hannu.

“Pandu, abokina, yau gahawa a kaina take!”

Na kasa dubansa.

Aka jera kujeru, shugabannin gasa suka zauna, baƙi suka zauna. Vuai yana tsaye can gefe shi kaɗai, babu mai matsawa kusa da shi. Bi Zuhura ta miƙe za ta yi magana, sai Mangale ya ɗaga sanda.

“Uwar gida, a ba ni minti biyar. Nahodoji, ku biyo ni.”

Wani ya ce, “Mai awaki kuma me ya kawo shi maganar jirgi?” Aka yi dariya.

Bai kula ba. Ya bi jikin ƙarfen gada da kwando a hannu, yana duban ɗauri ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda yake duban ƙasa. Na farko ya wuce. Na biyu ya wuce. A na biyar ya tsaya. Ya ciro ƙullin da muka yanko ya ajiye kusa da shi. An zagaya ta hagu, an cusa wutsiya sau uku. Ko makaho ya shafa zai ce hannu ɗaya ne.

“Wannan kwalekwalen na wane ne?”

Babu wanda bai san mai shi ba.

Fumo ya gyara hula. “Nawa ne. Sai aka yi yaya?”

“Wannan kuma daga tulun Shangwe muka yanko shi.”

Fumo ya dubi ƙullin. Sai ya yi murmushi. “To, ni na ɗaura. Na ga igiyar ta ruɓe na gyara musu. Yanzu alheri ya zama laifi?”

“Yaushe?”

“Ranar Juma'a.”

“Da wane lokaci, Nahoda? Mutanen masallacin sama sun ɗauka a na ƙasa ka yi sallah. Na ƙasa sun ɗauka a na sama ka yi. Na tambaya.”

“Ba ni da lafiya ranar.”

“Marar lafiya ya yi iyo har tulu. To, na ji. Ga abin da ban gane ba. Ni baƙo ne a nan, amma ko ni na san in ka kama kifi kamar ɗan yatsa sai duk tsibirin nan ya ji. Ka ceci jirgi sukutum daga duwatsu, sannan ka yi shiru kwana biyu? Kai, Fumo?”

Wasu suka fara dariya, suka ga ba wurinta ba ne, suka haɗiye.

“Kuma ina wuƙarka ranar? Igiyar nan da reza aka gurza ta. Me nahoda ke yi da reza a tsakiyar ruwa ana sallah?”

Mwatime ta kutso daga cikin mata. “Kuma sai da ya shiga ɗaki ya daɗe kafin ya taɓa igiya. Ni na gani.”

Fumo ya juya yana neman fuskar da za ta tsaya masa. Ya zo kan tawa. Na ce, “Fumo, faɗi gaskiya. Girmanka ya wuce a ja ka a ƙasa.”

Ya zauna a kan akwatin ƙanƙara kamar an zare masa ƙashi. Da ya yi magana, Shee yake kallo.

“Kai ka ja. Ranar Alhamis ka zo wurin gahawa kana cewa ka ga wadda ta fi tawa, ka san inda take kwana, jibi za a goge allo. A gabana. Ana ta dariya. Shekara goma sha tara... Na gama da zaren zan tafi, na kama igiya zan sauka, na ji ta a hannuna. Silli ɗaya. Iska kuma ta fara juyawa. Na yi iyo na bar wurin, na kai rabi, na dawo. Zare na zo ɓatawa. Ban zo kashe jirgi ba.”

Bi Zuhura ta ce, “Jirgi ka tausaya wa. Mutum fa? Jiya kana tsaye a nan ana ce wa Vuai maci amana. Har da kai a masu girgiza kai.”



Ta juya wurin Vuai, a gaban kowa ta ce, “Na zalunce ka. Ka yafe mini. Gobe da asuba jirgi yana jiranka.” Shee ma ya je ya kama hannunsa, ya ce da ya ji maganar igiya tun farko. Vuai ya so ya ce wani abu, in'ina ta hana shi, sai ya ɗaga kai kawai.

Ba a kai Fumo wurin 'yan sanda ba. Bi Zuhura ta ce saboda igiyar ta bar shi, kuma iyakar abin da igiyar ta saya masa ke nan.

Ga abin da ya rasa, ku ƙirga da ni. Kofin da ya ci da guminsa a ranar, aka ba na biyu. Jirgin da ya tuƙa shekara ashirin da shida, mai shi ya karɓi mabuɗi kafin magariba. Shugabannin gasa suka hana shi shiga kowace gasa har ƙarshen ransa. Sunan da ya yi duk wannan don kada a goge, ba kifi ya goge shi ba, ni aka ba fenti na shafe shi da hannuna. Mutum uku da ya koya wa tuƙi suka daina zuwa gaishe shi. Bencin gahawa babu wanda ya kore shi, amma in ya zauna hira takan mutu, har ya gane ya daina zuwa. Da ni kuma, abokinsa tun muna kama kaguwa. Bakwai ke nan. Yana da shekara sittin da huɗu, yana nan da ransa a bayan gari, yana yi wa masunta ɗinkin koma.